Uwa Ɗaya, Coci Biyu

Akwai wani mai shagon takalma da kowa ke kira Dattijo, saboda dattijo ne a cocinsu. Mutum ne mai gaskiya a ciniki, ba ya ƙarya, ba ya cin amana. Aibinsa ɗaya ne: a ganinsa hanyar sama ta bakin ƙofar cocinsu ta bi, duk wanda ya bi ta wani wuri ya ɓata.

Yana da ƙane kafinta, ana ce masa Auta. Tare suka tashi, a benci ɗaya suke zama ranar Lahadi, mahaifiyarsu Inna a tsakiya don kada su yi wasa.

Bayan Auta ya yi aure sai ya koma wani coci da ke bayan tashar mota. Can ana addu'a da ƙarfi, kuma ba a yi wa jarirai baftisma, sai mutum ya girma ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Auta ya je aka nutsar da shi a ruwa, aka yi masa sabuwa.

Da labari ya kai wa Dattijo, sai ya kira shi gida.

"Wato wadda aka yi maka kana jariri, Inna na rungume da kai, wanka ne?"

"Yaya, ban ce haka ba. Ni dai abin da na karanta na fahimta ke nan."

"Ka karanta! Yaushe aka haife ka da za ka fi magabata sani? Tunda gidan ihu ka zaɓa, kada ƙafarka ta sake taka min gida."

Auta ya sunkuyar da kai ya fita. Inna a gidan Dattijo take zaune, don haka sai ya riƙa satar jiki yana zuwa gaishe ta idan yayansa na shago. Haka shekaru suka shuɗe.

Ana nan sai auren babbar 'yar Dattijo ya taso. Yarinyar sunan Inna ta ci, shi ya sa ubanta ke ce mata Uwata, Inna kuwa ta ce Takwara. Aka gayyaci kowa, ban da Auta.

Wata rana da hantsi Inna na zaune a baranda tana sa wa rigar jikarta maɓalli, sai amarya ta zo ta zauna a gefenta, fuska ba walwala.

"Kaka, Baba Ƙarami ne ya ƙera min tebur ɗina na farko da na shiga makaranta. Yanzu a ce ba zai ga aurena ba? Wai me ya raba mu ne? Ba Yesu ɗaya muke bi ba? Ba Littafi Mai Tsarki ɗaya ba ne?"

Inna ta cije zare, ta yi murmushi.

"Takwara, lokacin da ubanki da Auta suna yara, na taɓa ce musu su sayo min mai. Ubanki ya dawo da na girki, Auta ya dawo da na shafawa. Suka yi ta kokawa a tsakar gida, kowanne na rantsuwa abin da na faɗa ke nan. Ba wanda ya raina ni a cikinsu. Kunnuwa ne biyu."

Amarya ta yi dariya ba ta shirya ba.

"To wasu rabuwar haka take. Mutum biyu masu tsoron Allah su karanta aya ɗaya, wannan ya ga yayyafi ya isa, wancan ya ce sai an nutsar. Wannan ya ce shugaba ɗaya a sama da kowa, wancan ya ce kowace ikilisiya ta riƙe kanta. Wasu kuma gādo ne. Waɗanda suka kawo wa kakanninmu bishara kowa ya zo da rigimar gidansu a jaka, muka karɓa ba mu san mafarinta ba."

"Shi ke nan?"

"Ina fa! Akwai wadda ba ta da alaƙa da aya ko kaɗan. Da idona na ga coci ya tsage gida biyu saboda an yi zaɓe wani bai samu kujera ba. Daga baya ne ya nemo ayar da zai jingina da ita. Akwai waɗanda suka fita don an ƙi yin waƙa da harshensu. Akwai kuma waɗanda suka ga ɓarna ta gaske a wurin shugabanni, suka yi magana aka kore su."

"To Kaka, wa ke da gaskiya?"

"Ina da nawa ra'ayin, kuma a cocina zan mutu. Bambancin ba wasa ba ne, kada ki ce na ce duk ɗaya ne. Amma duk tsufana ban taɓa ganin wanda Allah ya ba makullin sama ya rataya a ƙugu ba."

Ana saura 'yan kwanaki biki, da la'asar sai hadari ya haɗu. Iska ta zo da ƙarfi ta yaye rufin cocin su Dattijo kamar an buɗe murfin tukunya. Kwano ya watse har titi, bango ɗaya ya tsage, ruwa ya jiƙa benci da littattafan da ke kai. Allah ya sa ba kowa a ciki.

Dattijo ya shiga neman wuri. Zauren makaranta an riga an kama. Cocin ɗarikarsu mafi kusa yana da nisa, kuma su ma suna da ɗaurin aure a ranar. A fili kuwa ba zai yiwu ba, damina ce. Ga dangin ango sun riga sun kamo hanya.

Yana zaune a shago ya rafka tagumi, ko mai ciniki ya shigo ba ya ɗaga kai, sai ya ga inuwar mutum biyu a bakin ƙofa. Auta ne da fastonsu.

"Yaya, gida ka hana ni, ba shago ba," in ji Auta. "Sannu da wannan jarrabawa."

Faston ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, mun zauna da mutanenmu. Cocinmu a buɗe yake. Ku zo da fastonku da mawaƙanku, ku yi komai yadda kuka saba. Gangunanmu ma za mu kwashe mu kai ɗakin ajiya, tunda ku ba kwa amfani da su."

Dattijo ya dube shi da gefen ido. "Sai kuma me? Me za ku ce in yi?"

"Ba komai, Baba. Ku dai zo."

Dattijo ya ce zai yi tunani. Yana rufe shago ya nufi wurin faston cocinsa, a ransa yana fata ya ce a'a, don ya samu inda zai ɓuya.

Tsohon faston ya saurare shi, ya yi dariya. "Wannan yaron, faston su Auta? Ai yana yawan zuwa nan mu sha shayi. Muna musu a kan baftisma har shayin ya huce. Ban karkato shi ba, bai karkato ni ba. Amma ranar da matata ta kwanta asibiti, shi ya fara zuwa. Je ka ce mun gode."

Dattijo ya fito, ya aika wa su Auta cewa sun karɓa.

Ranar biki suka tarar an share cocin su Auta tas, an goge benci, an jera furanni. Mutanen da ya sha kira 'yan gidan ihu suna tsaye da lema suna tarbar baƙinsa daga mota. Da aka fara sujada suka koma can baya suka zauna shiru.

Sai mawaƙa suka ɗauko wata tsohuwar waƙar yabo, irin wadda ake rerawa a hankali. Dattijo ya ji sauti ya ƙaru daga bayansa. Ya waiwaya. Mutanen cocin Auta ne ke bi, ba littafi a hannunsu, baiti bayan baiti. Ashe su ma da ita iyayensu suka rene su. Sai hawaye suka zubo wa Dattijo.

Da aka watse ana hotuna a waje, ya koma ciki. Ya iske Auta shi kaɗai yana fama da wata babbar ganga zai mayar da ita wurinta. Dattijo ya naɗe hannun rigar bikinsa ya kama gefe ɗaya.

"Yaya, ganga ce fa."

"Na gani. Ɗauka nake yi, ban ce zan buga ba."

Da suka ajiye, Dattijo bai saki hannun ƙaninsa ba. "Auta, har gobe ban yarda da fahimtarka ba. Amma korar da na yi maka ba Allah ne ya aike ni ba, girman kaina ne. Ka yafe min. Ka ɗauko matarka da yara mu tafi gida."

"Na yafe tun tuni, Yaya."

Har aka gama gyaran rufin, su Dattijo a can suke sujada da rana bayan masu wuri sun tashi. Ba wanda ya canza coci a cikin 'yan'uwan biyu. Musu ma ba su daina ba, sai dai yanzu a falon Dattijo suke yi, Inna na gyangyaɗi a kujera. Idan murya ta fara tashi sai ta buɗe ido ɗaya, duk su yi ƙasa da ita.

Darasi: Ɗariku sun yawaita ne saboda bambancin fahimta, da tarihin da aka gāda, wani lokaci kuma saboda son girma irin na ɗan Adam. Riƙe abin da ka gaskata da kyau, amma kada ka mai da shi wuƙar yanke zumunci, domin wanda ka rufe wa ƙofa yau yana iya zama mai buɗe maka tasa gobe. Idan kana da ɗan'uwan da bambancin aƙida ya shiga tsakaninku, tura masa wannan labari, sannan ka kira shi ku gaisa.