Tsinkayen Tao a Gaban Sarkin Sin

A zamanin da, a fadar Sarkin Sin, bokaye biyu mabiya tafarkin Dao, Malam Kou da Malam Pei, suna takarar kujerar babban mai duba. Da tsinkayen ciyawa suke duba, kuma wurin wata baƙauyiya mai suna Tao suke saye.

Da fari ya yi tsanani, Kou ya watsa tsinkayensa ya ce ruwa na tafe. Pei ya watsa nasa ya ce ko ɗigo babu. Sarki ya fusata, sai suka haɗa baki suka ce laifin tsinke ne. Aka kamo Tao.

Sarki ya ce, "Ke, wane damin ne maƙaryaci? Nuna shi a sare miki kai. Ki kasa nunawa, a sare."

Tao ta shafa wuyanta. "Ranka ya daɗe, tsinke ba ya magana da jahila irina. Amma su yi musanya, kowa ya duba da na ɗan'uwansa. In laifin dami ne, Malam Kou zai ce fari, Malam Pei ya ce ruwa. Sai a kira hauni."

Aka yi musanya. Kou ya dubi tsinkaye, ya saci kallon kujera. Shi ya gaskata Pei da bakinsa?

"Ruwa!" in ji shi.

"Fari!" in ji Pei.

Tao ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, in tafi, ko in tsaya kallo?"