Shugaban Wasanni da Takardar Ɗalibai

Akwai wani mutum da aka naɗa shugaban wasanni a wata jami'a. Mutum ne mai himma. Cikin shekara huɗu 'yan ƙwallonsa suka ciwo kofi uku, har ya zama duk inda ya bi sai ka ji ana cewa, "Sannu da ƙoƙari, Yallaɓai." Kunnensa ya saba da yabo.

Wata rana da safe ya tarar da takarda manne a ƙofar ofishinsa. Ɗalibai masu tsere ne suka rubuta. Suka ce hankalinsa duka yana kan ƙwallo, ya bar filin gudu ya lalace, kuma ba ya sauraron kowa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya cusa takardar a aljihu, ya nufi filin, ya ƙudura sai ya kori wanda ya rubuta.

Da ya isa ya tarar da ɗaliban, ya ɗaga takardar ya ce, "Aikin wane ne wannan?"

Sai shugabarsu, wata ɗaliba mai suna Dinatu, ta matso. Shekara biyu tana shirin gasar jami'o'i, ta kuma san in ya kore ta shi ke nan.

Ta ce, "Ni ce, Yallaɓai. In korata za ka yi, na yarda. Amma don Allah ka zagaya filin nan da gudu sau ɗaya tukuna."

Shi kuwa da ƙuruciyarsa gwanin gudu ne, sai ya yi murmushi, ya tuɓe babbar riga, ya zura. Bai kai rabi ba ƙafarsa ta faɗa wani rami da ciyawa ta rufe, ya kife. Ɗaliban suka ruga suka ɗaga shi, ba wanda ya yi dariya. A nan ne ya lura uku daga cikinsu ƙafafunsu a ɗaure suke da bandeji saboda rauni.

Ya ce, "Tun yaushe filin yake haka?"

Dinatu ta ce, "Tun bara. Sau huɗu muna zuwa wurinka, ana ce mana ba ka da lokaci."

Mutumin ya zauna a ƙasa, ya miƙa mata takardar. Ya ce, "Karanta mini, 'yata, a hankali. Ɗazu da fushi na karanta ta." Kashegari aka fara gyaran filin.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake koya mana. Ubangiji yakan aiko mana da gyara ta bakin waɗanda muke shugabanta: ɗanka, ɗalibinka, matasan ikilisiya. Maganar tana iya zuwa da zafi, ta kuma zama gaskiya. Kai da aka ba jagoranci, kafin ka nemi wanda ya faɗa, je ka duba abin da aka faɗa. Ke kuma da za ki tsawata wa babba, ki yi da ladabi, ki tsaya a kan maganarki. Wanda ya ƙasƙantar da kansa ya saurara bai rasa girmansa ba, a gaban Allah ma ƙaruwa ya yi.