Rawanin Salansar Sallau

An ce wai a tashar motar wani gari da ake kira Kwanar Marke, wata rana da hantsi, mutum biyu suka tafa hannu a kan bonet ɗin wata tsohuwar a-kori-kura. Ɗaya Sallau ne, mai motar, wanda ya tsufa a jigilar tumatur daga fadama zuwa kasuwar birni. Ɗayan kuwa Ɗantani ne, wani baƙon bakanike da ya taso daga Kurmi da iyalinsa da akwatin kayan aiki, ba shi da rumfa, ba shi da mai tsaya masa.

Ciwon motar Sallau ba ɓoyayye ba ne. Da safe lafiyarta ƙalau. Amma da rana ta take, ta kama hawan Dutsen Kura da kaya, sai ta fara tari, ta mutu murus. Dalili kuwa, bututan salansa da ke fitowa daga jikin inji, waɗanda kanikawa ke kira manifol, sukan yi jawur don zafi, ga kuma famfon mai da tiyonsa nan a gefensu kamar maƙwabta. Zafi ya dafa man, mota ta tsaya. Sai Sallau ya sauko da jiƙaƙƙen tsumma ya ɗora wa famfon, ya koma gindin itace yana jira, tumatur na narkewa a kwanduna, masu kaya na yi masa Allah ya isa. Akwai ranar da tiyon ya ƙone har ya fara ɗiga. Allah ne kawai ya tsare.

Ɗantani ya ciro wani dunƙulen ƙyalle daga akwatinsa, dogo, mai kauri, faɗinsa bai wuce yatsu uku ba.

Sallau ya ce, "Wannan kuma ɗamara ce ko rawani?"

Ɗantani ya ce, "Maigida, saƙar zaren gilas ce, wuta ba ta cin ta. In na naɗe bututan nan da ita, zafi zai bi hayaƙi ya fita ta baya, ya bar maka famfonka ya sha iska."

"Kai dai faɗi gaskiya, ɗan Kurmi. Motar nan ita ce gonata, ita ce rumbuna."

"Ban nemi ladan aiki ba. In ta yi maka magani, ka tsaya mini a ba ni rumfa a tashar nan. In kuwa naɗin nan ya cuci motarka, ko gobe ko baɗi, zan ɗaure akwatina in bar garin."

Sallau ya waiga ya ce, "Jama'a kun ji?" Aka ce an ji. Suka tafa.

Ɗantani ya tsoma ƙyallen a bokitin ruwa har ya yi laushi, ya sa safar hannu saboda ƙaiƙayi, ya bi bututan ɗaya bayan ɗaya yana naɗewa tamau, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa, ya ɗaure bakin da wayar ƙarfe. Sallau na tsaye yana kallo. Bai tambayi komai ba, amma idonsa ya riƙe bokitin nan. Da aka tayar da mota, hayaƙi ya turnuƙe daga bonet, 'yan kallo suka watse, mai shayi har da kifar da benci. Ɗantani ya yi dariya ya ce hayaƙin sabunta ne, zai wuce. Ya kuwa wuce.

Washegari da tsakar rana motar ta haye Dutsen Kura ko tari ba ta yi ba. Haka jibi, haka gata. 'Yan tasha suka sa wa abin suna rawanin salansa. Sallau ya cika alkawari, ya tsaya tsayin daka har aka yanka wa Ɗantani rumfa. Bai tsaya nan ba. Duk dawowar da zai yi daga fadama sai ya aika wa matar Ɗantani tumatur na miya, kuma duk inda ya zauna zancensa ke nan: "Yaron nan Allah ne ya jefo mini shi."

Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba, wato Barau, tsohon bakaniken tashar, wanda rabin abincinsa a gindin Dutsen Kura yake tsintarsa, wurin motocin da zafi ya kayar.

Aka ci kaka, aka ci rani, bazara ta shigo. Ran nan Sallau na kan hanya sai ya ji wata ƙara kamar an harba bindiga, mota ta kama ruri kamar tarakta. Da ƙyar ya lallaɓo ta tasha. Ɗantani ya tafi birni sayen kaya, don haka Barau ne ya warware naɗin a gaban jama'a. Abin da aka gani ba kyau. Bututun ya yi tsatsa yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, ga tsaga ta ratsa shi daga wuya har gwiwa.

Barau ya ɗaga shi sama ya ce, "To ga rawani ya ci kan mai shi! Sallau, ina alkawari? Ko kunnuwanmu ne suka yi mana ƙarya?"

Sallau ba ya son tafiyar Ɗantani, amma ga motarsa a kwance, kuma magana zarar bunu ce. Ɗantani da ya dawo ya ga bututun, ya juya shi ya duba. Ya ce shi dai ya san aikinsa, amma ba zai ci alkawari ba. Matarsa ta fara ɗaure tukwane.

To a garin nan, duk rigimar da ta shafi ƙarfe gaban Sarkin Maƙera Nomau ake kai ta. Tsoho ne tukuf, bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma tun yana yaro yake gaban zuga-zugi. Dattawan tasha suka ce kada baƙo ya tafi sai Sarki ya ji. Aka ɗauki bututu da tsumman naɗi aka ajiye a gabansa, kowa ya faɗi nasa.

Al'amarin da wuya. In an bi alkawari yadda aka faɗe shi, an kori mai sana'a da iyalinsa, gari ya yi asara. In an take shi don tausayi, gobe ba mai sake yarda da tafin hannu a tashar.

Sarki ya ɗauki bututun ya kankare shi da farce. Ya ɗauki tsumman ya duba, ya ga wani fari-fari ya bushe a jikinsa kamar kanwa, ya dangwala a harshe ya tofar. Ya ce, "Tun da aka yi naɗin nan, an yi ruwan sama?"

Aka ce, "Ko ɗigo, ranka ya daɗe."

Sai ya ɗaure fuska, ya juya kan Sallau. "Ni abin da na gani a nan sakaci ne. Sallau, an ba ka abu mai daraja ka wulaƙanta shi. Tun ranar da aka ɗaura maka shi ba ka sake waiwayarsa ba. Haka ake riƙon alheri?"

Sallau ya miƙe zumbur har hularsa na faɗuwa. "Ni? Allah ya ba ka nasara, a zage ni da komai ban da butulci! Ko ɗan cikina ban kula da shi yadda na kula da rawanin nan ba. A kira Jibo ɗan garuwa, shi ne shaidata!"

Aka kira Jibo, ya ajiye garewaninsa ya durƙusa.

Sarki ya ce, "Me ka sani?"

Jibo ya ce, "Gaskiya Malam Sallau bai yi sakaci ba. Kullum sai ya sayi ruwan rijiya a wurina saboda rawanin. Da ya dawo daga birni, inji na huci, sai ya buɗe bonet ya sheƙa masa, tururi ya tashi fuu, yana cewa, sha, ɗan albarka, ka yi aiki. Da yamma kuma ya ƙara masa, wai don ya kwana da sanyi."

Ɗantani ya ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Maigida, ruwa kake ba shi?"

Sallau ya ce, "A'a, to ba da ruwa ka naɗa shi ba? Da idona na ga bokiti. Kuma jarkar ruwan shana da na naɗe da buhu, in ban jiƙa buhun ba ai ba ta sanyi. Na ce wannan ma ɗan'uwansa ne."

Wuri ya kece da dariya, har da masu riƙe ciki. Sallau ya tsaya yana rarraba ido, don har lokacin bai ga abin dariya ba.

Sarki ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Ya ce, "Ku bar dariya, da yawanku da haka za ku yi. Ni ban san mota ba, amma na san ƙarfe. Wuta takan gajiyar da ƙarfe, amma ba ta haifar tsatsa. Tsatsa ɗiyar ruwa ce. Da na ga tsatsa a tsakiyar rani, na ga gishirin rijiya a jikin tsumma, na san akwai hannun da ke shayar da shi. Kuma ƙarfen da ya yi ja, in ka sheƙa masa ruwa yau, ka sheƙa gobe, ko uwar maƙera ce sai ta tsage. Da na tambayi Sallau kai tsaye, da ya tsorata ya kama kame-kame. Shi ya sa na taɓa shi inda yake da kunya. Sallau, ka yafe mini zagin da na yi maka."

Sallau ya zauna a hankali.

Barau ya yi gyaran murya. "To ranka ya daɗe, alkawari fa? Ai da ba a naɗa ba, da ba a jiƙa ba."

Sarki ya ce, "Da uwarka ba ta haife ka ba, Barau, da ba ka yi tuntuɓe ba, amma ba ka taɓa kai ta ƙara ba. An ce in naɗi ya cuci mota. Naɗi ya yi aikinsa, ruwa ne ya yi ɓarna. Alkawari na nan da ransa, ba wanda zai bar gari."

Ɗantani ya faɗi zai yi godiya, Sarki ya tare shi. "Dakata, ɗana, ban gama da kai ba. Ranar da ka naɗa, ka gaya masa kada ya jiƙa?"

"Ban faɗa ba, Baba. Na ɗauka kowa ya sani."

"Wa zai sani, alhali kai kaɗai ka zo da shi? Ka jiƙa a gabansa, ka bar idonsa ya karanta abin da bakinka bai fassara ba. Ni in na ƙera wa manomi lauje, sai na nuna masa gefen da ake wasawa. To ga hukuncina. Kai Ɗantani, hannunka ya yi aiki nagari, bakinka ne ya yi rowa. Kai Sallau, zuciyarka ta yi godiya, hannunka ne ya yi ɓarna. Kowa gaɓar da ta yi laifi ita za ta biya. Sallau zai nemo wani bututun, ya naɗe shi da hannunsa, Ɗantani na tsaye yana nuna masa. Ɗantani kuwa, duk ranar kasuwa har ruwa ya sauka, zai hau benci a tsakiyar tasha ya gaya wa direbobi duk abin da ya sani game da rawanin nan, daɗinsa da ɗacinsa, kada ya rage komai."

Haka aka yi. Sallau ya naɗe bututunsa, ya ƙi sa safar hannu wai shi ba mace ba ne, ya yi kwanaki yana susa kamar mai ƙazuwa, matarsa na shafa masa man kaɗanya tana yi masa dariya. Ɗantani kuma ya hau benci. Yakan ce, "Jama'a, rawanin nan yana tsare famfo da tiyo da wayoyi daga zafi. Amma kada a ba shi ruwa. In kun ratsa rafi ko ruwan sama ya dake ku, ku bar inji ya yi aiki har ya bushe kafin ku kashe. In baƙin mai ya zuba a kansa, ku zo a cire, don zai iya kamawa da wuta. Kuma in bututunka ya riga ya tsufa ya yi siriri, kada ka naɗa, zai ƙarasa shi."

Ka san halin mutanenmu. Mai yabon hajarsa ba a cika saurarensa ba, amma wanda ya tsaya a bainar jama'a yana faɗin aibin abin da yake sayarwa, shi ake yarda da shi. Kafin damina ta kankama, motoci sun yi layi a bakin rumfar Ɗantani, har daga garuruwan maƙwabta.

Ran nan su biyun suka ɗauki kwandon tumatur tare suka kai wa Sarkin Maƙera. Ɗantani ya ce, "Baba, horon da ka yi mini ya fi kyautar wani." Sallau ya ce, "Ni kuma ka raba ni da kunyar korar wanda ya taimake ni. Allah ya ja da ranka." Tsoho ya zaɓi 'yan ƙwarori na miyarsa, ya ce a raba sauran wa maƙwabta.

In ka ce a lissafa, Sallau ya yi asarar bututu da fatar hannu, ya tsira da motarsa da amininsa. Ɗantani ya yi asarar rowar baki, ya sami rumfa da suna. Barau ya rasa cinikin gindin dutse, don motocin sun daina mutuwa a can. Jibo ɗan garuwa ma ya rasa babban mai sayen ruwansa, ko da yake an ce Sallau yakan ajiye masa tumatur na miya.

Shi ya sa dattawan Kwanar Marke ke cewa, wanda ya ba ka abu bai gama kyauta ba sai ya gaya maka yadda ake riƙonsa, kuma godiyar da ba ta tambaya, ita ke shayar da ƙarfe har ya tsage.