Sallamar Zabuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku ajiye wayoyin nan.

Ta zo mu saurara, Iya.

Tsuntsaye ne suka buɗe zauren hira a waya, kowace uwa tana tura hoton sheƙarta. Rannan Hankaka, sarkin shisshigi, ya saka Dila a ciki. Da Zabuwa ta ga sunan sai gabanta ya faɗi, don tana kwancin ƙwai.

Kaza ta riga kowa fita, da surutunta: "Ni na tafi! Na koma gindin rumbu, mai nemana ya same ni can." Dila kuwa ya same ta can, ya bar mata ɓawo.

Zabuwa ta ce a ranta, sulalewa rashin tarbiyya ne, tallar kai kuma wauta. Sai ta rubuta: "'Yan'uwa, na gode da zama. Wanda na ɓata wa ya yafe mini. Na bar ku lafiya." Ta fita.

Dila ya kira ta: "Haba Yaya Zabuwa, ba ko kwatance? Barka nake so in zo."

Ta ce, "Malam Dila, sallama hakkinku ce, na ba ku. Makwancina kuwa nawa ne. In sun girma, mu za mu zo."

Ya bi daji yana sansana har ƙaya ta yayyage masa hanci. Da kaka ta yi, sai ga Zabuwa da 'ya'yanta reras, sun yi fiffike, suka sauka a reshe bisa kansa.

"Yara, ku gai da Malam!"

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɓera. Wanda zai tashi ya yi mini sallama.