Kalmar da Mas'udu Ya Kasa Haɗiyewa

Jama'ar wannan shafi, sallama. Na dawo Garwa bayan shekarun da na yi a Duwala, na tarar garin ya sauya mini. Kogin Binuwai ya janye, har ana shuka albasa inda muke iyo. Mai shayin bakin tasha ya rasu, ɗansa na cajin waya a wurin. Shingayen jami'an tsaro sun cika hanyar Marwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, in aka ambaci Mora ko Kuseri, garuruwan kan iyaka, sai ka ji mutane sun rage murya.

A gidan gwaggona na ji wannan labari, na ce sai na kawo muku.

Akwai wani saurayi, Mas'udu, ɗan gidan 'yan kasuwa. Kakanninsa daga Kano suka zo da fataucin goro. Kansa na ja, hannunsa na da sauri, amma bai taɓa barin wani ya yi maganar ƙarshe ba. In ka gaya masa ɗaya, sai ya mayar maka da uku.

Aka ɗauke shi a wata makarantar koyon tuƙin jirgin yaƙi. A can ba a hawa jirgin gaske sai an ci jarrabawar simulatar, wato kujerar matuƙi a rufaffen ɗaki, da allo da maɓallai, komai kamar kana sama. Aka haɗa shi da Jibril, ɗan Hajjo mai ƙosai ta unguwar Yelwa. Jibril ba ya son magana, har Mas'udu ya sa masa suna Bebe.

Malaminsu Hubert, soja mai muƙamin adjudan da suke kira "mon adjudant" da Faransanci, haifaffen Garwa ne, yana jin Fillanci da Hausa kamar yaren gidansu. Kullum maganarsa ɗaya ce a kan rada, na'urar hango jirage daga nesa.

"Rada ba raɗa ba ce, ihu ce. Rediyo ma haka. Duk wanda ya danna maɓallin magana, tocila ya kunna a duhun daji. Kai gabanka kaɗan kake gani, mai nemanka kuwa yana hango ka daga nesa."

Mas'udu ya ce, "Mon adjudant, in na riga su gani ai na riga su harbi."

"Wanda ke nemanka bai kunna komai ba, ɗana. Saurare kawai yake yi."

Ranar jarrabawar ƙarshe da safe, Hubert ya faɗa musu aikin. Za su bi ƙasa-ƙasa ta tsakanin duwatsu irin na Mindif, su kai inda aka aike su, su dawo. Rada a kashe, rediyo shiru. Mas'udu ne jagora, Jibril na gefensa.

"Ko ku ci tare, ko ku faɗi tare," in ji shi.

Mas'udu ya yi dariya. "To yau ranarka ce, Bebe. Shiru ai gadonka ne."

"Allah dai Ya sauke mu lafiya," in ji Jibril.

Aka rufe kowa a ɗakinsa. Babu taga, sai sanyi da hasken allo. Suka tashi, duwatsu na wucewa ta ƙarƙashinsu. Babu abin da ake ji sai gurnanin inji a cikin kunne.

Can sai rediyo ya yi ƙara. Wata baƙuwar murya ta ce, "Salamu alaikum, matafiya."

Kun san mu da sallama, ba a barinta ta faɗi ƙasa. Jibril ya amsa a fili, amma yatsansa na nesa da maɓalli. Allah Ya ji, abokin gaba bai ji ba. Mas'udu ma ya cije leɓe ya wuce.

Muryar ta dawo, wannan karon da karin harshen Fulani, tana jan magana a hankali.

"Jam na, kana lafiya, Kaɗo? Na san kana jina. Wa ya ba Kaɗo jirgi? Koma kasuwa ka tsince ruɓaɓɓen goro, kafin ka faɗo wa shanun mutane."

Kaɗo ai tsokana ce da Fulani ke wa Bahaushe kullum a kasuwa, a mayar musu a yi dariya. Tun yana firamare Mas'udu bai taɓa barin kalmar nan ta wuce ba. Amsa ta riga ta haɗu a bakinsa, mai daɗi kuwa. Ya ce a ransa, magana ce ta ƙiftawar ido, wa zai kama ta?

Ya danna.

"Kaɗon ne zai aske maka, Bafillace, ka tsaya nan!"

Ya saki maɓallin yana murmushi. Muryar ta ɗauke ɗif.

Sai wata 'yar ƙara ta fara a kunnensa, ɗil, ɗil, ɗil, alamar cewa radar abokin gaba ta farka tana laluben inda maganar ta fito. Ƙarar ta yi sauri, sannan ta zama ɗaya doguwa marar yankewa. Mas'udu ya karkata jirginsa da ƙarfi ya nutse bayan dutse. Makamin da aka harbo masa ya wuce shi.

Ya duba gefen dama. Inda jirgin Jibril yake, sai wuta da baƙin hayaƙi.

Shi kaɗai ya sauka.

Da aka buɗe ƙofa, Hubert na tsaye da hular Jibril a hannu. Shi ne mai muryar. Jibril na can jingine da bango, kansa a ƙasa.

Mas'udu ya fara, "Mon adjudant, ai wasa ne, kalma ɗaya…"

Hubert ya ɗora masa hular a hannu. Ya jawo kujera ya zauna, ya sunkuyar da kai kamar tsohuwa a bakin murhu.

"Ni ce Hajjo. Na ga soja a ƙofata da hular ɗana. Sannu da zuwa, ɗan nan. Ina Jibrilu? Me ya same shi?"

Mas'udu ya buɗe baki.

"Faɗa mini mana. Wace magana ce mai nauyi haka, da ba za ta jira ku sauka ba?"

Mas'udu ya ƙura wa hular ido. Bai samu kalma ko ɗaya ba.

A makon aka sallame shi. Jibril kuwa, da aka tabbatar bai taɓa maɓalli ba, aka sake gwada shi da wani abokin tafiya, ya ci. Yanzu jirgin gaske yake tuƙawa, kuma ko Hajjo ba ta sanin ranar tashinsa ko inda ya nufa. Mas'udu na shagon babansa. An ce in Bafillace ya tsokane shi, sai ya miƙa masa kaya ya kau da kai.

Ni dai ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Na wanke kayana, jakata na bakin ƙofa, gobe in Allah Ya yarda zan bi motar Ngawundare in kama jirgin ƙasa. Gwaggo ta hana ni faɗin inda na nufa daga can, kuma na ji maganarta.

Darasi: Ba kowace tsokana ce ke neman amsa ba, wata so take ta san inda kake. Girman kan da ya hana ka yin shiru, sau da yawa na kusa da kai yake fara cinyewa. Ku tura wa wanda kuka san ba ya iya haɗiye magana, tun yana da lokacin koya.