Wuyan Da Mai Hoto Ya Yi Ta Miƙarwa

Akwai wani mai hoto da 'yan layinsu suka laƙaba wa suna Miƙe-Wuya, don ba ka zama a kujerarsa bai kama haɓarka ya daidaita maka kai ba. Gwani ne, wannan ba musu, sai dai ba ya sauraron kowa.

Wata rana wani dattijo ya shigo shagonsa, kansa a ɗan karkace. Ya ce za a kwantar da shi asibiti a yi masa aiki, ga matarsa tana fama da ciwon mantuwa. In ta kwana biyu ba ta ga mutum ba, sai ya ɓace mata.

"Hotona nake so a ajiye mata kusa da gado, ɗana. Kada in dawo ta tambaye ni ko ni wane ne."

"Baba, ka zo inda ya dace. Miƙe wuya!"

Ya kunna fitilu, ya daidaita masa kai, ya ɗauka. Hoto ya fito tas.

Washegari sai ga dattijo da hoton a hannu. "Ta ce wannan baƙon fa, daga ina?"

Mai hoto ya karɓi hoton ya duba. Ya ce ko haske ne ya yi yawa, ya rage, ya sake ɗauka. Ta ƙi. Ya ce ko hular ce, aka cire. Ta ƙi. Ya wanke babba, har ana iya ƙirga furfura. Tsohuwa ta sa aka kifa shi.

Kan mai hoto ya ɗaure. Ya dubi hoto, ya dubi dattijo: hanci nasa, idanu nasa, to me ya rage? Har kyamarar ya fara zargi. Ga ranar asibiti ta matso, dattijo ya fara fidda rai.

Da dabara ta ƙare wa mai hoto, sai ya rataya kyamara ya bi dattijo gida.

Tsohuwa na zaune a bakin gado, magunguna jere a kan teburi, 'yarsu tana ninke kaya. Tsohuwa ta yi magana ƙasa-ƙasa. Dattijo ya sunkuya, ya karkata kai, ya miƙa mata kunnen hagu. "Na'am?"

Nan take fuskarta ta washe.

'Yar ta ce, "Kunnen Baba na dama ba ya ji tun kafin su yi aure. Haka ta san shi."

Kunya ta kama mai hoto. Ashe abin da yake ta gyarawa shi ne mutumin. Bakinsa har ya buɗe zai ce "miƙe", ya haɗiye, ya danna kyamara. Wannan hoton aka ajiye mata kusa da gado.

Dattijo ya daɗe a asibiti. 'Yar ta ce kullum Mama sai ta kai bakinta daidai kunnen hoton ta ba shi labari.

Ranar da aka sallamo shi ya tsaya a bakin ƙofa. Tsohuwa ta ɗago ta dube shi.

"Malam, duk abin da na yi ta faɗa maka, ka ji kuwa?"

Ya karkata kai, idanunsa cike da hawaye. "Na'am?"

Darasi: Kafin ka gyara mutum, tsaya ka san shi. Abin da kake gani aibi, wataƙila da shi masu ƙaunarsa suke gane shi. Ku tura wa wanda kuke so a yadda yake.