Shaidar da Sama'ila Ya Riƙe

Akwai wani dillalin shanu a Daura mai suna Harisu. Wata Lahadi a kasuwar Mai'adua, wani tsohon baƙonsa, Audi, ya kawo masa saniya ya sayar masa.

Ƙa'idar kasuwa ita ce a kai mai dabba wurin shugaban dillalai, a rubuta sunansa da kamannin dabbar. Harisu bai yi ba. Mutumin da suka shekara goma suna cin tuwo a kwano ɗaya, da wane ido zai nemi takarda a hannunsa? Kunya ta hana shi. Abokin sana'arsa Sama'ila ne kaɗai ke tsaye lokacin da Audi ya rantse cewa saniyar gidansu ce.

Ashe ta sata ce. Aka kama Harisu da Audi.

Sai mai gabatar da ƙara ya janye tuhumar da ake yi wa Audi, ya mai da shi shaida. Audi ya tsaya gaban alƙali ido a bushe, ya ce shi rakiya kawai ya yi. Kotun shari'a ta ɗaure Harisu shekara biyar.

Matarsa Hadijatu ta ɗaukaka ƙara. Lauya ya gaya mata gaskiya: muddin Audi yana nan a matsayin shaida, da wuya hukuncin ya rushe. Sai dai su roƙi babbar kotu ta duba yadda aka janye tuhumar. Ita kuwa kotu ba ta cika taɓa shawarar mai gabatar da ƙara ba, sai da hujja mai ƙarfi. Hujjarsu ɗaya ce, kuma tana bakin Sama'ila.

Sau uku Hadijatu tana zuwa ƙofar gidansa. A na ukun ta durƙusa.

"Malam Sama'ila, abin da kunnenka ya ji kawai za ka faɗa."

"Maman Abbas, ki yi haƙuri. Duk zuri'armu ba wanda ya taɓa taka kotu, ba kuma za a fara a kaina ba. Allah zai fitar da shi."

Wallahi wannan amsa tana ci mini rai. Ya ɗora wa Allah aikin da Allah ya ɗora masa.

Ranar zama, alƙali ya ce ba a kawo masa abin da zai sa ya tsoma baki ba, ya kori buƙatar. Ɗaukaka ƙarar ma ta faɗi.

Harisu ya shekara biyu a gidan yari, tari ya kama shi. Sama'ila kuwa ya gaji masu kawo wa Harisu shanu, amma barci ya ƙaurace masa. Da azumi ya zo, ya kasa jurewa. Ya sa babbar riga, ya je ya ce wa Hadijatu a shirye yake ya tsaya gaban alƙali.

Ya same ta da baƙi cike da zaure. Da safiyar nan aka kawo gawar Harisu.

Ba ta zage shi ba. Ta ce, "Shaida kam ana nema. Ka je ka shiga sahu, liman zai tambayi halinsa."

Darasi: Gaskiyar da ka sani amana ce, kuma tana da lokaci. Kotu ba ta ganin abin da shaida ya ɓoye. Ka tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani yana riƙe da kalmar da za ta buɗe wa wani ƙofa.